Tukunyar Mutum Ɗari Biyu

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa wa ma'aikatan wata masaƙa abincin rana. Mutum ɗari biyu kullum, ban da masu zagayowa neman ƙari. A can suka laƙaba mata suna Ba-a-Zubarwa, domin kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ka bar ƙashi a faranti, za ka ji ta daga bayan kanta: "Kai! Ba a zubarwa!" Har manaja sai da ya taɓa shan wannan tsawa, ya kuwa mayar da ƙashin bakinsa kamar ɗan makaranta.

Ita ta raine ni. Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu, Gwaggo ta zo ta ɗauke ni da 'yar jakata, ko shawara ba ta yi da kowa ba. Ita ce kuma ta sa mini Barkono, wai tun ina ƙarama bakina ke riga hankalina isa wuri. Ban musa ba. Har yau da nake koyarwa a firamare, ɗalibaina sun san ranar da ba a yi mini wargi.

In an tashe mu daga makaranta, kicin ɗin masaƙar nake wucewa. Ina iya tuna shi sarai: tayil fari da ya koma ruwan ƙasa, murhun gas mai kai shida, wuƙaƙe a rataye jikin bango, da ƙarar injinan saƙa da ke ratso bango har cokula su riƙa kaɗawa a kwando. A kan murhun ƙarshe tukunyar romo take zama. Ƙatuwa ce, yaro zai iya wanka a ciki. Da sassafe Gwaggo za ta ware naman kajin ranar, ta zuba ƙasusuwa da wuya da fukafukai a ciki, ta watsa citta da albasa da kanumfari, ta kunna wuta. Wutar nan ba ta mutuwa sai an tashi. Ƙarfe ɗaya ma'aikata za su jero da kofunansu, kafin ƙarfe uku ko ɗigo babu. Ta wanke ta, ta kife. Shekara talatin da ɗaya, ko mutum ɗaya bai taɓa riƙe ciki ya ce abincin Gwaggo ne ba.

Da ta yi ritaya, ma'aikatan suka tambaye ta me take so. Ta ce tukunyarta. Ƙarti biyu ne suka hau da ita bene zuwa ɗakunanta biyu, suna nishi suna yi mata tsiya, wai ko masaƙa za ta buɗe a falo. Tukunyar ta cinye kawunan murhunta duka biyun. Na ce, "Gwaggo, ke da Baba Direba kawai, me za ku yi da wannan rijiya?"

Ta ce, "Hannuna bai san kaɗan ba, Barkono. In na dafa kaɗan, gishirin ma ɓace mini yake yi."

Gaskiyarta. Na sha ganin ta gwada ƙaramar tukunya, abincin ya fito kamar ba ita ta yi ba.

Daga nan ta shiga sana'arta ta biyu, wadda ba wanda ya ɗauke ta kuma ba wanda ke biyan ta: jinya. Mijinta, wanda duk muke kira Baba Direba saboda babbar motar da ya tuƙa har ya tsufa, shi ta fara yi wa. Ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki, ya dawo gida, har ya fara takawa da sanda yana tsokanar ta. Sai gudawa da amai suka sa shi gaba. Ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo. Sati uku ya rasu. Muka ce tsufa ne da kwanciya.

Bayan shekara biyu maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai ɗinki da ba ta da kowa, ta kwanta da ciwon ƙirji. Gwaggo ta ɗora tukunya. Ita ma ta fara samun sauƙi, sai cikinta ya ɓaci. Ba ta tashi ba.

To ka san bakin mutane. Aka fara 'yan ƙus-ƙus a dangi. Wata 'yar kawuna, mai baki kamar reza, ta ce a gabana, "Duk wanda Gwaggo ta ɗora wa tukunya, a fara sanar da na nesa." Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na wanke ta tas, na tono mata abin da ta manta da wanda ba ta manta ba, sai da aka riƙe ni. Matar da ta share mini majina, ta hana kanta ta ba ni, ita za a jefa wa wannan magana? Shekara biyu ban gaisa da yarinyar nan ba.

Sai ga shi an yi wa Babana aiki a hanji.

Ranar da aka sallame shi, likitar, wata siririyar mata mai gilashi da ba ta iya dariya ba, ta ce abinci mai ruwa-ruwa kawai, romo da makamantansa, har sai hanjin ya warke. Ta kuma ce ƙodarsa ba ta da ƙarfi, a kiyaye kada ruwan jikinsa ya ƙare. Muka kawo shi gidana. Ko awa biyu ba a yi ba, sai ga motar haya a ƙofa, but ɗin baya a buɗe an ɗaure da igiya, tukunya ta leƙo. Maganar 'yar kawuna ta faɗo mini a rai, ba zan ɓoye ba. Sai kuma na ji kunyar kaina, na fita da gudu na tarye ta.

"Ina Auta?" ta ce. Mutum mai shekara sittin da takwas, da furfura har a gira, amma a wurinta Auta ne. Shi kuma yana jin muryarta ya fara ƙoƙarin gyara zama, yana cewa, "Yaya, da kin bari na warke tukuna."

Masu zuwa dubiya suka yi ta kawo gasassun kaji, kamar sun haɗa baki. Baba ba ya iya ci. Ni da maigidana mu ɗan taɓa, baƙi su ɗan taɓa, sauran ya zauna a teburin falo an kifa masa faranti, tun hantsi har yamma. Ga zafin gari. Da yamma Gwaggo za ta bi ta tattara, ƙashi da fata da ɗan naman da ya rage, ta juye a tukunya, ta cika ta da ruwa kamar masaƙa na jira. Ya dahu ya yi kyau, ƙamshi har bakin titi. Sai ta kashe wuta ta rufe. Tukunyar ba ta shiga firji, ko ƙofarsa ma ba ta kai faɗinta ba, don haka a kan murhu take zama. In Baba zai sha, ta ɗiba a ƙaramin kwano ta tafasa masa. In wani ƙashin ya samu, ta ƙara a kai.

Ba ta barin kowa ya taɓa. "Na mara lafiya ne." Ita kanta ba ta sha, saboda hawan jini ya raba ta da gishiri, sai dai ta ɗanɗana a bakin ludayi ranar da ta dafa.

Ranar farko Baba ya sha ya yi gumi, ya ce ya ji ƙarfi. Rana ta biyu haka. Rana ta uku cikinsa ya murɗa, aka yi ta zirga-zirga da bokiti. Muka ce maganin asibiti ne bai karɓe shi ba. Ya lafa. Gwaggo ta ɗora sabuwar tukunya. Rana ta uku kuma abin ya dawo, wannan karon har idanunsa suka faɗa, ya daina gane ni. Muka kwashe shi sai asibiti.

Kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa. Likitar ta ja ni baranda ta ce, "Zan gaya miki ba ɓoye-ɓoye. Ƙodarsa ta sha wuya sau biyu. Ba na jin za ta ɗauki na uku. Me yake ci a gida?"

Na ce romon kaza, na gida, ba na kanti ba.

"Yaushe ake dafawa?"

"Kullum sai an tafasa kafin a ba shi."

"Ba tafasawa na tambaye ki ba. Yaushe aka dafa, kuma ina yake zama?"

Na gaya mata. Ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce dafaffen nama in ya wuce awa biyu a waje cikin zafi, ya fara zama abin tsoro. Ta ce babbar tukunya ba ta hucewa da wuri, sai ta daɗe da ɗumi-ɗumi a ciki, kuma ɗumin nan shi ƙwayoyin cuta ke so. Waɗansunsu suna barin dafi a abincin, wanda ko an tafasa yana nan, kuma ba lallai hanci ya ji ba. Mai lafiya ya sha ya yi kwana ɗaya yana zagayawa ya warke. Tsoho mai rauni kuwa, sai yadda Allah ya yi.

Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Likita, wadda ke dafa romon nan ta ciyar da mutum ɗari biyu kullum tun ba a haife ki ba." Na juya na bar ta tsaye. Ni a kunnena, maganar 'yar kawuna ce ta dawo sanye da farar riga. Kaico, Barkono.

Aka sallamo shi ranar Litinin. A ranar Gwaggo ta ɗora tukunya ta uku, da ragowar kajin da aka kawo mana asibiti muka dawo da su a leda. Na gani, ban hana ta ba. Yaya zan fara? In ce mata me?

Ranar Laraba ina aji, ina rubuta wa yara kwanan wata a allo, sai hannuna ya tsaya. Litinin, Talata, Laraba: yau rana ta uku da ɗora tukunya. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce wa shugabar makaranta kaina ke ciwo, na kamo hanya.

Wajen ƙarfe biyu na isa. Rana ta take, layinmu ba kowa. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, firji ya yi shiru, gidan ya yi tsit irin wanda ban saba ji ba. Na yi sallama ƙasa-ƙasa, ba a amsa ba. Na ajiye jaka. A nan na ji.

Ƙyas.

Na tsaya. Shiru. Can kuma, ƙyas. Kamar wani na taɓa ƙarfe da farce, a hankali, ba gaggawa. Daga kicin yake fitowa.

Na tura ƙofar. Ba kowa. Hasken rana ya shigo ta taga ya kwanta a kan tukunyar. Na duba murhu, a kashe. Na duba kan tukunyar gas, a rufe. Na ɗora tafin hannuna a jikin tukunyar romon, ba zafi, sai wani ɗan ɗumi kamar jikin mutum. Ina tsaye a haka murfin ya ɗan motsa a ƙarƙashin idona, ya koma. Ƙyas.

Na yi bisimilla na ɗaga murfin.

Maiƙo ya kwanta a sama, fari-fari, ya rufe romon ruf. A tsakiyarsa wani wuri ya kumbura a hankali, ya kumbura, ya fashe. Ɓul. Wani ya taso a gefe. Ɓul. Wani ƙashin fiffike ya juya shi kaɗai, ya nuna sama, ya nutse. Romo yana tafasa ba wuta. Na sunkuya na shinshina: citta, kanumfari, sai can ƙasa wani ɗan tsami da in ba nemansa kake yi ba, ba za ka ji ba.

"Kin ji ta ko?"

Saura kaɗan in saki murfin. Gwaggo ce a bakin ƙofa, ba takalmi, shi ya sa ban ji tahowarta ba. Murmushi take yi, irin na wanda aka gano masa wani abin alfahari da ya daɗe yana ɓoyewa.

"Numfashi take yi," ta ce ƙasa-ƙasa, kamar kada ta tashi mai barci. "Ba kowa ke ji ba. Sai gida ya yi shiru."

Na ce, "Gwaggo, tun yaushe take yin haka?"

"A masaƙa ba ta taɓa yi ba. Can ina ta ga sarari? Kafin la'asar an kwashe. Sai da na kawo ta gida. Ranar da na fara ji, ina jinyar Direba, na tsorata kamar yadda kika tsorata. Daga baya na gane. Sai ta kwana biyu ƙashin ke sakin ƙarfinsa, to in ya saki, sai ta fara numfashi. Lokacin ne romon ya kai. Shi nake jira in ba mara lafiya da yawa." Ta matso ta shafa gefen tukunyar. "Ta yi wa Direba. Ta yi wa mai ɗinki, Allah ya jiƙanta. Yau tun hantsi take yi wa Auta."

Na ce, "Kin ba shi?"

"Yanzu na tafasa masa kofi guda na kai. Na same shi yana gyangyaɗi, na ajiye masa ya huce."

Ban san yadda na ratsa ta ba. Na dai san kafaɗata ta bugi ƙofa. Ina shiga ɗakin na ga Baba ya tashi zaune, ya riƙe kofin da hannu biyu, yana hura shi. Na kai wa kofin duka. Kofin ya bugi bango, romo ya wanke labule.

"Ka sha? Baba, ka sha?"

Ya dube ni kamar na haukace. "Ko kurɓa ban yi ba, da zafi. Ke lafiyarki?"

Na fito na jingina da bangon falo. Gwaggo ta biyo ni, ranta a ɓace. "Wane irin rashin kunya ne wannan? Abinci kika zubar? Ba a zu..."

A nan zuciya ta ɗebe ni. Da na yi shiru na minti ɗaya, da na samo wata hanyar faɗa. Ban yi ba. Na ce, "Ba numfashi take yi ba, Gwaggo, ruɓewa take yi! Dafi ne! Likita ta faɗa mini, ni ce na ƙi ji! Shi kike ɗura musu, shi ke kashe su!"

Magana zarar bunu. Ina rufe baki na so in mayar, ina!

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta tsaya tana kallona, sai na ga leɓɓanta na motsi, tana lissafa wani abu da ba na ji. Ta juya ta kalli ƙofar kicin. A cikin shirun nan muka ji shi tare. Ƙyas.

"Ai ina tafasawa," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

"Tafasawa ba ta kashe shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta ce, "Har da Direba?"



Ta shiga kicin. Na ji ƙarar ƙarfe a kan murhu, na bi ta ina cewa ta bari in kama mata. Ta ce, "Matsa." Tukunyar da ƙarti biyu suka hau da ita bene ba komai a ciki, ita ce tsohuwar nan ta sauke da rabin romo, ta ja ta a ƙasa har bayan gida. Ta karkata ta a bakin magudana. Ya daɗe yana zuba. Ƙasusuwan suka taru a kan ragar magudanar, ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a leda, ta ƙulle, ta kai kwandon shara da hannunta. Ban taɓa ganin ta yi haka ba tun da nake.

Washegari na koma wurin likitar na ba ta haƙuri. Na tambaye ta ko romon ne ya kashe Baba Direba. Ta ce ba wanda zai iya sani yanzu, tsoho ne, ga karaya, ga kwanciya. Na kawo wa Gwaggo wannan magana da gudu kamar na samo mata magani. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Ita ba ta ji ba, Barkono. Ni na ji."

Baba ya warke. Yau shekara uku ke nan, yana takawa har kasuwa, yana faɗa da maigidana a kan ƙwallo. Gwaggo ba ta koma ɗakunanta ba, tana nan wurinmu. Ta koyi dafa kaɗan da tsufanta, kamar mai koyon rubutu da hagu. Kaza in ta rage, kafin a kwashe faranti ta kai ta firji. Romo in ya dahu, ta raba shi a ƙananan robobi ya huce da wuri, ta sa ni in rubuta ranar a murfi. In ya kwana uku ba a shanye ba, ita ke zubarwa. Kuma duk da hawan jininta, ba ta miƙa wa kowa kofi sai ta fara shan rabin nata ta zauna ta jira. In an yi rashin lafiya a dangi, ba ta zuwa. 'Yar kawuna ta yi ta murna da hakan, ni kuwa na ƙyale ta, abin da ya ba kowa mamaki.

Tukunyar tana bayan gida a kife, ta ɗora mata bulo.

Ba mu taɓa gaya wa Baba ba. Shi a saninsa, ranar nan zafin rana ne ya taɓa mini kai. Shekaranjiya da rana muna zaune mu uku, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Gwaggo ta ɗaga kai ta karkata kunne wajen bayan gida, kamar yadda take yi duk lokacin da gidan ya yi shiru. Ta ce, "Barkono, kin ji?"

Na ce ban ji komai ba. Haka nake ce mata kullum, kuma ba kullum nake faɗin gaskiya ba.

Baba bai lura ba. Ya kurɓi romonsa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ajiye kofin.

"Yaya," ya ce, "wannan ma ba laifi. Amma wallahi na babbar tukunyar nan ya fi daɗi. Yaushe za ki sake ɗora mini ita?"